Wasan da Zango ta Bar wa Wagadugu

Kafin a gina ɗakin wasan kwaikwayo ko ɗaya a Wagadugu, akwai Dodo, kuma kakanninmu ne suka zo da shi. Fataken da ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja neman goro suna ratsa ƙasar Mosi, wasu su yada zango su wuce, wasu wuri ya karɓe su su aje iyali. A ƙarni na 19 sun riga sun yi unguwarsu a Wagadugu, garin Mogo Naba, sarkin Mosawa, wadda mu muke ce wa Zango, masu gari kuma su ce Zangwetin. Sun zo da kanwa da turkuɗi da jar fata da allo, a ƙarƙashin kayan kuma akwai tashe. A Kano tashe iri-iri ne, ga Macukule, ga Jatau Mai Magani, ga Nalako da gwagwarensa. A Wagadugu guda ɗaya ne, wato Dodo, ya zauna da gindinsa, har ya zama na gari duka.

Labarin da aka fi ba mu muna yara shi ne na wani maharbi da ya fita farauta ranar Juma'a, ana kiran salla yana bin sawun nama, sai aka mayar da shi rabi mutum rabi dabba, har da jela. Da aka same shi a daji aka kawo shi gari, aka riƙa zagayawa da shi gida-gida cikin watan azumi yana rawa, don na baya su ɗauki izina. Wato asalinsa wa'azi ne, wa'azin da aka ɗora a kan ganga.

Tun watan Sha'aban muke fara shiri. Za a nemo tsohuwar ƙwarya wadda ta tsage har uwa ta haƙura da ita, a ɗinke tsagar, a huda idanu da ƙusa mai zafi, a liƙa kunnuwan kwali ko ƙahon gaske da aka roƙo a wajen mahauta. Gwangwanayen madara da na tumatir a lanƙwasa bakinsu, a zuba tsakuwa, a jera a igiya a ɗaura a ƙwauri. Ganga kuwa babban gwangwani ne da fatar akuya: a jiƙa ta, a ja ta, a ɗaure, a shanya, daren fita kuma a kara ta a bakin wuta har muryarta ta tashi. Jela ta igiyar rama ce, jiki a ɗiɗɗiga masa farar ƙasa, kowane ɗan rawa da sanduna biyu a hannu yana dogarawa a madadin ƙafafun gaba. Duk wannan babu babba ko ɗaya a ciki. Wanda ya yi bara shi ke nuna wa na bana, kuma idan fuskarka ta fito a karkace, dariyar tsara kaɗai ta isa ta sa ka sake wata.

Kowace ƙungiya da tsarinta. Akwai mai waƙa da 'yan amshi, akwai makaɗa, akwai maharbi da bakansa, akwai ma'aji, wanda ake zaɓa don an san ba ya taɓa kuɗin jama'a ko da yunwa ta kama shi. Ana gwaji a bayan katanga kafin a yarda a fita, domin gidan da aka yi rawa mara daɗi ba ya buɗe ƙofa baɗi. Abin da aka tara na hatsi da 'yan canji a raba shi daren Salla, a ware na fatar ganga. Babu wanda ya taɓa kiran wannan makaranta, amma a nan yaron Zango ya koyi aikin hannu, da jin kiɗa, da tsayuwa gaban manya ba tare da ƙafa ta yi rawar tsoro ba, da haƙuri idan an kore ku daga ƙofar gida. Abin da na fi daraja shi da shi yanzu shi ne, da zarar an rufe fuska, ba a sanin ɗan wane. Almajirin da ya kwana a zaure zai iya zama shi ne zakin ƙungiya, ɗan mai gidan yana bayansa a matsayin biri, kuma kowa ya yarda saboda ƙafarsa ce ta saya masa.

Ba a daɗe ba 'ya'yan Mosawa suka karɓa, har da na Kirista, waƙoƙin suka koma Mosanci, fuskokin suka ƙara girma da ado, hukumar gari ta shiga shirya gasa. Wata Ba'amurkiya mai bincike, Priscilla Hinckley, ta yi rubutu a kansa a mujallar African Arts a 1986. A yau za ka sami saurayi ɗan Wagadugu da ya yi Dodo tun yana ƙarami, idan ka ce masa daga ƙasar Hausa ya zo sai ya yi mamaki. Ban ga laifinsa ba. Abin ya zama nasa.

Sai dai a wurinmu Dodo yana da iyaka, kuma iyakarsa gemu. Ranar da gashi ya fara tsiro a haɓar yaro, za a ce masa: "Kai, ka girma, a bar wasa haka nan." A al'adarmu kiɗa da roƙo gado ne, ɗan malam ko ɗan bafatake ba ya ɗaukar ganga don a ba shi kuɗi. Saboda haka wanda ya fi kowa iya rawa a zamaninmu ya ƙare a kan keken ɗinki, mai muryar da ke tayar da unguwa ya zama ɗan kamasho a kasuwar Rood Woko. Sana'o'i ne na mutunci, da su aka ciyar da mu. Abin da ke damuna kawai shi ne ba zaɓa suka yi ba. Ƙofa ɗaya aka bar musu a buɗe, ta cikinta suka bi.

A daidai lokacin nan wasu a cikin gari suna ta haƙa wata ƙofar. Malamai biyu ne a gaba, dukansu sun koyar a Jami'ar Wagadugu. Jean-Pierre Guingané ya kafa ƙungiyarsa ta Théâtre de la Fraternité a 1975, Prosper Kompaoré kuma ya kafa Atelier Théâtre Burkinabè, wadda kowa ke kira ATB, a 1978. Kompaoré ya ɗauki dabarar Augusto Boal na Brazil ya haɗa da salon dandali na gida: a yi wasa a kan auren dole, ko kaciyar mata, ko cutar sida, a kai shi inda ya cije, sannan a tsaya a ce wa 'yan kallo, wanda ya ga ba daidai aka yi ba ya fito ya karɓi matsayin ya gyara. Ƙungiyoyin raya karkara suka ga abin yana shiga kunne fiye da takarda, suka fara biya a kai musu wasa ƙauyuka, kuma ta nan ne ɗan wasa a Burkina ya fara ƙirga kuɗi a ƙarshen wata. Guingané ya fara bikin FITMO na wasan kwaikwayo da 'yan tsana a 1989, ya buɗe cibiyar Gambidi a unguwar Dasasgo a 1996, ya kafa makarantar horar da 'yan wasa a cikinta a 2003. Ya rasu a Janairun 2011, makarantar tana ɗauke da sunansa.

Shekarun mulkin Sankara, daga 1983 zuwa 1987, sun ba abin wani ƙarfi. A lokacin aka fara Makon Al'adu na Ƙasa, aka kafa ƙungiyar kiɗa ta yara da ta 'yan mata, aka gina babban dandalin wasa na jama'a a Samandin. Sannan a 1990 Amadou Bourou ya kafa ƙungiyar Feeren, mai kai wasa ga yara da makarantu, wadda daga cikinta Seydou Boro da Odile Sankara da Serge Aimé Coulibaly suka fito. Mu a Zango muna jin duk wannan a rediyo, muna ɗaukarsa harkar 'yan lakwal, wato 'yan boko.

Shekarar 2003 ba ta fita ran ɗan Zango. A watan Mayu gobara ta cinye Rood Woko, inda abincin gidaje da yawa yake. Kafin a farfaɗo, buldoza ta iso. Gwamnati ta riga ta yanke cewa tsakiyar gari, tsakanin titin Kwame Nkrumah da filin jirgi, za ta zama unguwar ofisoshi da manyan shaguna, shirin da aka kira ZACA. Hekta 85 aka share, mutum kusan 12,500 aka tayar daga Zangwetin da Tiyedpalogo da Pelogin da sassan Kuluba da Kamsogin. An biya diyya, an ba da filaye a gefen Waga 2000 da Niyoko, wasu suka gina, wasu kuɗin ya narke a hannunsu kafin su kai linta, suka gangara bayan gari. Filin da aka share ya yi shekaru yana fitar da ciyawa. An yi rubutu da yawa a kan gidaje da masallatai da aka rasa, amma ban ji wanda ya lissafa lunguna ba. Dodo ɗan lungu ne. Yana buƙatar gidaje manne da juna, zaure a buɗe, da tsohuwar da ta san uwar kowane yaro ko da ya rufe fuska. A sabbin filayen katanga doguwa ce, ƙofa ta ƙarfe, maƙwabcinka na da yana can ɗaya gefen gari. Wasan bai mutu a Wagadugu ba, ana yinsa a wasu unguwanni har gobe, amma ya suɓuce daga hannun jikokin waɗanda suka kawo shi.

Shekarun da suka biyo bayan rushewar ne kuma wasa ya zama sana'a ta sosai a garin nan. Salia Sanou da Seydou Boro, bayan sun yi suna a Faransa tare da Mathilde Monnier, sun dawo sun ɗauki wancan dandalin Samandin da aka yi watsi da shi, suka buɗe cibiyar rawa ta La Termitière a Disamban 2006. A cikin ayyukanta akwai shirin da aka kira Je danse donc je suis, wanda aka yi tare da cibiyar Donko Seko ta Kettly Noël a Bamako, don yaran da rayuwa ta yi wa tsanani, waɗanda makaranta ta fitar ko titi ya riƙe. A 2009 Irène Tassembédo ta buɗe makarantarta ta rawa, EDIT, mai horon shekara uku. Wanda bai taɓa leƙa irin waɗannan wurare ba zai ɗauka tsalle-tsalle ake yi. Horo ne mai tsanani: zuwa a kan lokaci, sa'o'i ana maimaita motsi ɗaya, kula da jiki, sauraron gyara a gaban jama'a ba tare da fushi ba. Yaron da ya saba kwana a tasha, wanda duk wanda ya taɓa shi da duka ya taɓa shi, ranar da ya yarda wani ya ɗaga shi sama ya sauke lafiya, an yi aikin da ya wuce rawa.

Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne bikin Récréâtrales. Étienne Minoungou ya fara shi a 2002 don marubuta da 'yan wasa na Afirka su zauna wuri ɗaya su ƙirƙira. A 2008 ya yanke shawarar da ta sauya komai: ya fitar da bikin daga ɗakunan wasa ya kai shi tsakar gidajen mutane a Bugsemtenga, cikin unguwar Gungin. Duk bayan shekara biyu, wajen ƙarshen Oktoba, iyalai kan ba da aron tsakar gidansu. A matsar da turmi da randa, a kafa bencina hawa-hawa, a rataya fitilu a jikin mangwaro, masu gida suna harkarsu a gefe, 'yan wasa daga Kongo ko Kodebuwa suna gwaji a gaban ɗakin girki. Titin duka a ƙawata shi. Samarin unguwa su ne masu haɗa dandamali da tsaron ƙofa da raka baƙi, mata suna sayar da abinci, yara suna zaune a gaba sun haddace wasan kafin ranar buɗewa. A 2014 ana cikin bikin aka yi boren da ya kori Blaise Compaoré bayan shekara 27 a mulki, kuma a kwanakin ne Serge Aimé Coulibaly da mawaƙi Smockey suka nuna wasansu a kan daren tawaye a Wagadugu. Daga 2016 Aristide Tarnagda ne ke jan ragamar bikin. Ranar da na fara zama a ɗaya daga cikin gidajen nan, na gane abin da nake gani: wasa ya koma bin gida-gida, kamar yadda muka san shi, sai dai yanzu akwai sana'a a ƙarshensa.

Ta nan ɗan ƙanwata ya shiga. Ya bar lakwal da wuri, ya yi gadin babura a bakin wani gidan abinci, ya yi tallan katin waya a danja. Wani abokinsa ɗan Gungin ya ja shi ɗaukar bencina ana gab da biki, don ɗan abin da za a ba su. Can ya ga wani mutum a kan tsani yana juya fitila, bango ɗaya ya zama safiya, ya sake juyawa ya zama dare. Ya daina ɗaukar benci ya koma riƙe tsani. Da aka ga ba ya gajiya da tambaya, aka fara ba shi waya ya naɗe, kuma naɗin waya shi ne karatun farko: ba a naɗe ta a gwiwar hannu, sai a bi murɗinta, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa, don kada ta karye a ciki. Daga nan ya koyi lissafin nauyin da layi ɗaya zai ɗauka kafin wuta ta yanke, da inda ake aje lasifika don kada ta yi kuka, da yadda ake karanta takardar da ke nuna wace fitila za ta kama a kan wace kalma. Don wannan takardar ya koma ya gyara karatunsa na Faransanci, abin da bulala ta kasa sa shi.

Mahaifinsa malami ne mai almajirai, kuma bai ji daɗi ba. Ya same ni ya ce: "Yaya, ɗan gidan nan ne zai koma bin 'yan wasa? Me zan ce wa mutane?" Na ce masa: "Malam, je ka ga abin da yake yi tukuna, sannan ka yanke." Bai je ba. Abin da ya sauko da shi Maulidi ne. An yi haya ta kayan sauti, suka yi ta ƙara ana tsakiyar karatu, yaron ya tashi daga cikin jama'a ya matsar da lasifika biyu, ya taɓa wani abu a jikin na'ura, muryar mai karatu ta fito tas har ƙarshen layi. Washegari malam ya ce da ni: "Ashe aikin lantarki ne."

Aikin lantarki ne, da walda, da kafinta, da ɗinki, da fenti, da lissafin kuɗi. Wannan shi ne ɓangaren da ba a cika faɗa ba idan ana yabon waɗannan shirye-shirye, ana nuna hoton wanda ya je rawa Paris. Waɗanda suka kai can 'yan kaɗan ne. Mafi yawan waɗanda na ga sun tsaya da ƙafafunsu a bayan dandamali suka koyi abin yi, kuma kasuwarsu tana nan gida: biki, suna, wa'azi, coci, taron siyasa, wasan mawaƙa. Yau ɗan ƙanwata yana da kayan sautinsa, ya yi aure, kuma idan ya zo gaishe ni yakan ce: "Kawu, watan nan ba hutu, Asabar uku duk an kama."

Akwai wata unguwa a yammacin gari, wajen Bulmiyugu, da ita ma ake kira Zongo. Ba tsohuwar unguwarmu ba ce, Mosawa sun fi yawa a cikinta, amma wasu daga cikin namu da diyya ba ta kai su ko'ina ba can suka ƙare, cikin nonloti, inda ba a yanka filaye ba, gidajen laka ne, hanya kuma duk inda ruwa ya ga dama. Ambaliyar 1 ga Satumba 2009, da aka yi ruwan da ya haura milimita 260 a yini ɗaya, mutum wajen 150,000 suka rasa matsuguni a Wagadugu, irin waɗannan unguwanni ta fi yi wa ɓarna. Yaran can su ne ainihin waɗanda ake nufi idan an ce marasa galihu. Suna tura kurar ruwa, suna bin motocin yashi, wasu suna bin iyayensu mata ramin dutse na Pisi, inda ake ƙona tsofaffin tayoyi a kan dutse don ya tsage, a farfasa shi da guduma a sayar a faranti. Gungin da Samandin ba wata ƙasa ba ce, amma ga yaron da ba shi da keke, wanda abin da ya samo yau shi za a ci yau, tafiya ce mai tsada. Ba zai iya ba da shekara uku kyauta ba, ko da horon kyauta ne. Shi ya sa a ganina shirin da bai tanadi abincin rana da kuɗin mota ba, ko da niyyarsa ta kai ina, 'ya'yan masu ɗan hali zai tara, ya rubuta su a takarda da sunan talakawa.

Sannan ga maganar kuɗin kanta. Yawancin waɗannan ayyuka da tallafin Turai suka tashi, ta hanyar abin da kowa a nan ke kira furoje. Furoje kuwa kududdufin damina ne, yana cika har a yi wanka, rani na zuwa a ga ƙasa. Shekara biyu ko uku, a rubuta rahoto, a rufe, yaran da aka ɗauko rabi su koma inda aka same su, da ƙarin ciwon sun ɗanɗana wata rayuwa. Tun harin Janairun 2016 a titin Kwame Nkrumah baƙi suka fara ja da baya. A 2022 aka yi juyin mulki sau biyu, a na biyun aka lalata cibiyar al'adun Faransa, wadda take ɗaya daga cikin manyan dandamalin gari. A 2023 Faransa ta dakatar da tallafi da ba da biza, har aka umarci gidajen wasanta su tsayar da hulɗa da masu fasahar Mali da Nijar da Burkina, kafin surutu ya sa a sassauta. Ɗan rawan da abincinsa ke kan zagayen Turai ya ji wannan a tukunyarsa. An kafa asusun gwamnati na raya al'adu da yawon buɗe ido a 2016, akwai hukumar haƙƙin mawallafa ta BBDA tun 1985, amma masu nema sun fi abin rabawa yawa nesa ba kusa ba.

Duk da haka ba a rufe ba, kuma waɗanda ake yi dominsu sai ƙaruwa suke. Bayan rikicin Mali na 2012, Salia Sanou ya kai horon rawa sansanonin 'yan gudun hijira na Sag-Nioniogo da Mentao, daga nan ya fitar da wasansa Du désir d'horizons a 2016. Yanzu gudun hijirar na cikin gida ne: a Maris 2023 alƙaluman gwamnati sun haura mutum miliyan 2 da yaƙi ya raba da garuruwansu, kuma da yawa a gefen gari irin Zongo suke sauka. A bukukuwan Récréâtrales na baya-bayan nan an ga wasu daga cikinsu a kan dandamali, suna faɗin abin da ya same su da bakinsu a gaban mutanen birni.

Saura mu. Nisa da talauci gaskiya ne, amma akwai abin da ke cikin zukatanmu. A Kano ma, a 2016, gwamnatin tarayya ta so gina ƙauyen fim a Kofa, malamai suka tashi, aka fasa. Ba na raina damuwar iyaye. Gwaji na dare ne, ana cakuɗa maza da mata, wata rawar ana yinta da tufafin da ba za mu yarda da su ba, kuma a gefen harkar akwai giya. Uban da ya tambayi waɗannan yana kan hakkinsa. Amma amsar ita ce mu shiga mu tsara irin namu, tunda ba baƙonmu ba ne. Yazi Dogo ya yi shekaru yana gyara tarbiyyar Nijar da dariya cikin Hausa tsantsa. A Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana kai wasa Samaru da ƙauyukan kewaye don a tattauna matsalar gari. 'Ya'yanmu a Niyoko da Zongo sun haddace finafinan Kano, suna ɗaukar barkwanci da waya cikin Hausa gauraye da Mosanci, dubbai suna kallo a TikTok. Gwanintar tana nan, mai gyara mata zama ne babu. Muna da attajirai masu kai mutane Makka duk shekara, muna da gidaje masu faɗin tsakar gida. Gida biyu ko uku da za su buɗe ƙofa yadda na Bugsemtenga suka yi, da mai hali ɗaya da zai ɗauki abincin rana da ladan malami, sun isa a fara, kuma ba sai an jira furoje ba.

Wurin da abin ya fi wuya shi ne 'ya'ya mata. Dodo na maza ne zalla, mata nasu kallo da miƙo sadaka daga bayan ƙofa. Yau a garin nan mace ce ta kafa ɗaya daga cikin manyan makarantun rawa, Odile Sankara kuma tana cikin shugabannin Récréâtrales, 'yan matan Mosawa da Gurunsi suna koyon rubuta wasa da ɗinkin kayan wasa da riƙe kyamara. Namu suna tallan goro da dafaffen ƙwai a bakin ƙofar wurin. Ƙanwar yaron nan mai kayan sauti ta iya ɗinki, kuma tun da ta ga yadda ake ɗinka rigar da ɗan wasa zai tuɓe ya sa wata cikin ƙiftawar ido, take roƙon a bar ta ta koya. Mahaifinta bai ce a'a ba wannan karon. Ya kafa sharaɗi biyu: wanta ne zai kai ta ya dawo da ita, kuma ta kasance a gida kafin magariba. Masu ɗinkin sun yarda ta riƙa zuwa da safe. Amma awon kaya a jikin 'yan wasa sai sun taru, su kuwa ba sa taruwa sai rana ta yi sanyi, wan nata kuma a lokacin yake fita aiki. A kan wannan ake ta kai da kawowa tun bayan Babbar Salla, kuma uwarta ta ce idan ta kama, ita za ta riƙa raka ta.